Ranar da Injiniya Ya Ƙi Mu Ban Ji Ba

Ina aiki a gidan rediyon karkara a Tasawa wani injiniya ɗan Japan ya zo duba wuraren da za a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a ƙasar Mayahi. Aka ce in raka shi tafinta. Faransancinsa kaɗan ne, Japanancina kuwa bai wuce na ɗan littafin da ya ba ni ba. Abu ɗaya na riƙe a ciki: su a ƙarshen jimla suke kore magana. Sai mutum ya kai aya kake sanin ya yarda ko ya ƙi.

A wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe, mata kan fita ɗibar ruwa da asuba, sai hantsi su dawo. Maigari ya sa aka dama mana fura, ya roƙi foraj. Injiniya ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya karkata kai, ya ce da Faransanci, "Bana kam... da ɗan wuya..." Ya yi murmushi, ya yi shiru.

Na jira ƙarshen maganar. Bai zo ba.

Maigari ya ce, "Malam, mi ya ce?"

"Ranka ya daɗe, ya ce da wuya. Amma bai ce a'a ba."

"Yo wuya tana kisa? Mu da ka jan igiya gaba talatin!"

Bayan kasuwa biyu aka aiko mini cewa samari sun tara yashi da tsakuwa da amalanke, suna jiran ma'aikata. Na sami injiniya a ofis, na faɗa masa. Ya zaro ido.

"Ai na ƙi."

"Yaushe?"

"A gabanka."

Ya ce a wurinsu ba a ƙarasa wa dattijo ƙi, balle wanda ka sha furarsa. Shirun nan shi ne amsar. Na ce to me ya kawo "bana"? Baɗi za a yi ke nan? Ya sake jan iska ta haƙora.

Na hau babur na koma ƙauyen, na faɗa wa maigari bana babu.

"Baɗi fa?"

"Wallahi ban sani ba, ranka ya daɗe."

Maigari ya dubi tsakuwar. Sannan ya sa a kewaye ta da ƙaya, kada kowa ya ɗiba ya yi daɓe.