Ragi Babu, Kyauta Akwai

Shekara talatin da ɗaya Awatif, wadda duk unguwar Imbaba ta birnin Alƙahira ke kira Ummu Hazim, ta yi tana ɗinka wa mutane labule. Tef ɗin awo a wuya, allurai a bakin mayafi, ta auna tagogin amare, ta auna na 'yan fansho, tun daga unguwar Oktoba har ta Shaikh Zayid. Ita kuwa tana zaune a hawa na biyar a wani tsohon bene marar lif, a gida mai taga ɗaya tal, ita ma bangon maƙwabta take kallo.

Da can hawan bai dame ta ba, sai da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mijinta, Usta Rif'at. Shekara biyu cur, in ban da ranar asibiti da ƙarti huɗu ke sauko da shi a kujera, bai ga titi ba. Mutumin da a da ba a raba shi da wasa da dariya ya koma sai a yi masa magana uku bai amsa ɗaya ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ta rantse sai ta sauko da shi ƙasa.

Ta sayar da awarwaronta, ta sayar da 'yar gonar gadonta ta Minufiyya, ɗansu Hazim ya aiko da nasa daga Kuwait. Aka samu gida a hawan ƙasa na wani sabon bene a Oktoba. To amma gidajen nan tsirara ake sayar da su, bulo da siminti kawai, ba tayil ba ƙofa. Ga kuma matakala uku a bakin shiga. Abin hannunta ya isa sayen gidan, bai isa a shiga cikinsa ba.

Ranar da ta fara zuwa ofishin kamfanin, ciniki ta kama yi irin wanda ta iya.

"Ɗana, nawa za ka rage min?"

Ustaz Midhat, mai kula da sayarwa, ya gyara zaman tabarau. "Hajiya, ai nan ba kasuwar yadi ba ce. Ko fam ɗaya ba ya sauka."

"To a bar shi."

Ta miƙe, ta nufi ƙofa a hankali, tana jan ƙafa, tana jira a ce dawo. Shekara talatin dabarar nan ba ta taɓa ba ta kunya a gaban 'yan yadi ba. Har ta kai bakin titi babu wanda ya ko yi tari.

Bayan kwana biyar ta je awo a hawa na uku na wannan sabon benen, gidan Madam Nirmin, wata tsohuwar malamar makaranta. Tana kan tsani ta hango durowoyin kicin, sababbi ƙal.

"Madam, wane kafinta ne ya yi miki wannan?"

"Wane kafinta? Kamfani ne ya ba ni kyauta."

Ummu Hazim ta kusa faɗowa. "Wannan kamfanin? Mai fam ɗaya ba ya sauka?"

Madam Nirmin ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wayyo Ummu Hazim, ragi kika ce musu? Ai zagi ne a wurinsu! In suka rage miki a takarda, wanda ya saya jiya zai zo da rigima. Farashi ba ya motsi, amma kyauta akwai. Ki bincika me aka ba waɗanda suka saya kwanan nan. Kuma duk abin da ya yi miki alkawari, ya rubuta."

Nan fa aka zo inda ta fi kowa. Mako uku tana bin gidajen da ta yi wa labule a unguwar, wai ta zo duba ko ya zauna daidai. Ta gyara lafi a nan, ta sha shayi a can, ta bar masu gida su yi ta alfahari, don ɗan Adam in ya ci riba bakinsa ba ya rufuwa. Likitan haƙori na hawa na biyu an ba shi na'urar sanyaya ɗaki biyu. Amaryar hawa na huɗu an shimfiɗa mata tayil. Mai gadi kuma ya tsegunta mata cewa gidajen hawan ƙasa huɗu suna nan tun bara, kowa na gudun idon masu wucewa.

Ta koma ofis, ta zauna tun ba a ce ta zauna ba.

"Ban zo neman ragi ba, Ustaz. Farashinka na nan, Allah ya sa masa albarka. Kyautata na zo karɓa." Ta jero masa su ɗaya bayan ɗaya, da hawa da watan da aka saya.

Midhat ya cire tabarau. "Hajiya, ko dai kina da ɗan leƙen asiri a ofishin nan?"

"Labule nake ɗinkawa, ɗana. Ka taɓa jin abin da ke bayansa ya ɓoye min?"

"To, na ba ki na'urar sanyi guda."

"Riƙe abarka. Tayil nake so, da ƙofofi, ta banɗaki ta yi faɗin keken guragu. Matakalar nan uku kuma a fasa, a yi gangare."

Ya tambaye ta dalili, ta gaya masa ba tare da ta sa kuka a ciki ba. Ya fita da waya a kunne. Da ya dawo, alƙalami ya ɗauka, ya rubuta duka a cikin takardar ciniki, har da gangaren. Har gobe in ta yi salla tana sa shi a addu'a, shi da Madam Nirmin, wadda ba ta ƙara biyan kuɗin ɗinki ba.

Sati biyu da tarewarsu, wata Talata da hantsi, ta tashi daga kan keken ɗinki ta kai wa Usta magani. Ba ya ɗaki. Ba ya banɗaki. Ta fito ko mayafi ba ta gama yafawa ba, tana kiran sunansa.

Can ta hango shi a tsallaken titi, a gidan shayi, cikin wasu tsofaffi uku, yana kan keken guragunsa, yana buga wasan domino a tebur da hannunsa mai lafiya.

"Abu Hazim! Ka fita ba ka faɗa min ba?"

"Baiwar Allah, yanzu namiji ba zai fita ba sai ya cika takarda? Koma gida, kina ba ni kunya gaban abokaina."

Ta juya ta koma. A kan gangaren ta tsaya, hawaye na zuba, tana ta alhamdu lillahi. Shekara biyu ke nan rabon da ta nemi mijinta a gida ta rasa.