Yaran Baba Zira Masu Sanƙo

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka soke sunan Baba Zira daga rajistarmu ba, domin da bakina aka soke shi. Ku sababbin ma'aikata da kuke zumuɗin riƙe kwamfutar hannu, ku saurara.

Lokacin ina wakilin ƙauyuka a wani kamfanin sayen riɗi a nan Mubi. Aikin wakili shi ne ya yi wa manomi rajista, ya ba shi lamba da iri, in kaka ta yi ya auna ya saya. Mu kuma muna sayar wa wani ƙaton kamfanin biskit na Turai. To, wata shekara masu cin biskit ɗin suka ga hoton yara suna aikin gona a wata ƙasa, ba ma tamu ba, suka rantse sun ƙaurace wa kayansa. Kamfani ya firgita, ya kafa doka: duk gonar da yaro ke aiki, a daina sayen riɗinta. Aka turo mana mai bincike daga Legas, wata madam da ko "sannu" ba ta ji.

Manaja ya ce ni ne tafinta. Na ce, "Oga, ni fa a aji uku na sakandare na tsaya." Ya ce, "Wa'azi aka ce ka fassara? E ko a'a ne kawai."

Tun saura kwana uku ta zo aka sanar da kowa. Masu manyan gonaki, waɗanda da gaske suke lodin 'yan firamare a bayan a-kori-kura, duk suka ba su hutu. Muka zaga gona shida, ko ɗan akuya ba mu gani ba. Madam tana danna "a'a" a kwamfutar hannunta, wato ba yaro a gonar, tana murna.

Sai muka isa Wuro Patuji, wurin Baba Zira, dattijo mutumin Michika da ya daɗe yana noma a can. Jikokinsa biyu suna makaranta, da riɗin nan yake riƙe da su. Madam ta ce in tambaye shi wa ke taya shi aiki.

"Yarana mana," in ji shi. "Su huɗu. Gaya wa madam ya rubuta da kyau, tun asuba suna gona, ba su wasa."

Na juya mata da ɗan Turancina, kalma da kalma. Ta zaro ido, ta danna "e".

Kun dai sani, a wurinmu duk wanda ke aiki a ƙarƙashinka yaronka ne, ko sa'an ubanka ne. Yaran Baba Zira ƙarti ne 'yan ƙwadago. Ƙaraminsu, Bitrus, yana da mata da 'ya'ya biyar. Da na gane ɓarnar da na yi, na ƙwala musu kira suka fito daga cikin riɗi. Bitrus ya cire hula, sanƙo na ƙyalli, ya ce, "Madam, ga jariri ya zo gaisuwa. Akwai madara?"

Da na fassara mata, ita kanta ta yi dariya, ta ba da haƙuri. Amma ta ce amsa ta riga ta tafi Turai, na'urar ba ta da wurin gyara, sai dai ofishinmu ya rubuta takarda.

Na sami manaja da maganar. Ya ce, "Malam Haruna, kana da hankali kuwa? In muka ce duk gonakinmu tsab suke, wa zai yarda? Dole a kama mutum ɗaya, Turawan su san ana aiki. Tsuntsu daga sama gasasshe, kai kana so ka mayar masa da fiffike?" Na ce wannan zalunci ne. Ya ce in na matsa, zai rubuta cewa tafinta ne bai iya aiki ba. Ina da iyali. Na ja bakina na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana cina.

Ni aka aika in gaya wa dattijon an soke sunansa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, na yi ƙarya ne?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To mene ne laifin, in daina?"

Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba, sai ya fashe ya zube a ƙasa. Ba kamfani, ba abin sallamar 'yan ƙwadago, su Bitrus suka koma manyan gonakin nan. Baba Zira ya cire jikokinsa daga aji, ya miƙa musu lauje. Abin da suka yanka wani dillali ya saye a wulaƙance, ya kawo mana da lambar wani manomin. Ni na auna. Ni na liƙa wa buhunan takarda mai hoton yaro da jakar makaranta yana dariya, aka loda aka tafi da su. Daga baya muka ji masu cin biskit sun huce.

Ban ce mugaye ba ne. Tausayi ne ya motsa su. Amma kafin fushinsu ya iso Mubi ya bi hannu da yawa, kowane hannu yana ture shi kan wanda ya fi shi rauni. In ana son yaro ya bar gona, a biya mai gonar farashin da zai ɗauki babba. Ku kuma, ku ga mutum da idonku kafin ku danna komai.

Ƙaramar jikar ta koma makaranta da ƙyar. Babban bai koma ba. Yana korar shanu a kasuwa, inda babu Baturen da ke sayen komai balle ya ƙaurace.