Sanarwar Kawu

Har yau ban yafe wa mutumin nan ba, kuma ba ni da niyya. Ko fuskarsa ban sani ba.

Kawu, yayan mahaifiyata, shi ne mai sanarwar danginmu. Daga Gafasa yake turo saƙon haihuwa ko rasuwa ta wasaf, mu na Gaya da na Kademi mu hau babur mu nufo. Maganarsa ba a yi mata tambaya.

Wata rana da damina yana gona wani ya kira shi. Ya gaishe shi tsaf, ya ruwa, ya iyali. Wai shi ma'aikacin kamfanin waya ne, layin Kawu ya samu matsala, za a rufe kafin la'asar.

"Baba, kar ku damu, ni zan gyara muku. Ku karanto min lambobin da suka shigo yanzu."

Kawu ba ya iya katse wanda ya gaishe shi. Ya goge hannu a riga, ya karanta masa, har da sa albarka. Albarka, ga ɓarawo!

Ashe da lambobin nan ya ƙwace wasaf ɗin Kawu. Kafin magariba saƙo ya zaga dangi da sunan Kawu, wai matarsa na asibiti rai a hannun Allah, a taimaka da kuɗi. Washegari muka cika a-daidaita-sahu da kunun dubiya, muka tarar da ita garau tana shanya kuɓewa a tsakar gida.

Na ce, "Kawu, babu kamfanin da zai kira ku ya nemi lambar sirri. Duk wanda ya ce ku yi sauri za a rufe, ku kashe wayar."

Ya ce, "To ai yaron akwai ladabi."

Haushi kamar ya kashe ni. Tsinannen da ladabin ya yi fashi.

An dawo wa Kawu da wasaf ɗinsa, amma dangi sun riga sun tsorata. Bayan girbi, wata rana ƙaninsa ya rasu da safe, ya turo sanarwa, jana'iza bayan azahar. Kowa ya ce 'yan damfara ne suka dawo. Aka yi ta kiransa bai ɗauka ba, yana wajen wankan gawa, shirun kuma ya ƙara tabbatar mana.

Kafin mu tabbatar gaskiya ne mu taho, sai bayan la'asar muka isa. Kawu na zaune kan tabarma a ƙofar gida, ƙafafunsa duk ƙasar maƙabarta. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Maƙwabta ne suka ɗaukar min ɗan'uwana."