Daɓen da Baban Usman ya shimfiɗa

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Baban Usman, mai sa tayil a nan Minna. Da shiru zan yi, to amma abin da aka yi wa falonmu ya ƙi haɗiyuwa.

Bai yi boko ba, ni ma a aji uku na tsaya. Amma in ya tsaya bakin ɗaki ya duba, sai ya faɗa maka tayil nawa zai ci, har da 'yan robobin nan da ake sawa inda tayil huɗu suka haɗu, don a bar tsakani. Na taɓa tambayarsa ko aljanu gare shi. Ya yi dariya, ya ce in goma ne a tsawo, takwas a faɗi, in rage ɗaya nan, in rage ɗaya can: robobin tara sau bakwai ke nan. Na durƙusa a wani ɗaki mai wannan awo na bi da yatsa. Sittin da uku cif.

Falon namu da ragowar aikin mutane ya yi shi. Baƙi ɗaya a tsakiya, farare takwas suka kewaye shi, sai jajaye sha shida, sai ashirin da huɗu. Kowane zagaye ya ɗara na baya da takwas, har bango. A kai 'ya'yanmu suka koyi ƙirga.

Bara Usman, babban ɗanmu, ya kawo masu aiki daga Chanchaga, wai abokansa na zuwa, daɓen ya yi ƙauyanci. Na roƙe shi ya bar min ko tsakiyar. Ya ce, "Mama, tayil ne fa, ba kabari ba."

Suka farfasa daɓen, suka shimfiɗa manya masu sheƙi, baki da baki, babu roba ko ɗaya, wai layi na ɓata kyau. Na ce musu marigayi yakan ce tayil ma na son wurin miƙewa in zafi ya taso. Suka ce ashe Hajiya injiniya ce.

Da yana raye ba zai yi faɗa ba. Tsaki zai ja ya fita, kuma ban san ko su zai yi wa ko ɗansa ba.

Me ya rage nasa? Lissafin na nan a kaina, ba mai tambaya. A bazarar nan, ana tsakiyar rana, muka ji ƙara kamar ta bindiga: tayil uku sun tashi sun tsage. Usman ya shimfiɗa darduma a kai, bai ko dube ni ba. Ni ce kullum nake kewaye wurin da tiren abincinsa a hannu.