Ruwan tofin motarmu

Shekarun baya, bayan na ajiye boko ina ta yawon neman abin yi, tsohuwar motar da mahaifina ya bari ta dawo hannuna. Motar nan da safe ki ɗaya take tashi. Amma ka yi tafiya ta ɗau zafi ka kashe, to shi ke nan, sai dai ta yi ta gurnani. Na canza filogi, na ari batir, duk a banza.

Mahaifiyata ta ce wannan ba aikin bakanike ba ne, baki ne ya kama motar. Ta karɓo ruwan tofi wajen wani malami a 'yar jarka. In ta ƙi tashi sai in ɗaga bonet, in yi bisimilla, in yayyafa a gefen inji, in ɗan jira. Wallahi sai ta tashi. Har gori nake wa abokaina.

Ran nan da azahar aka bugo waya daga wani ƙauye wajen Mashi: yayata na naƙuda tun safe, abu ya ƙi, mijinta kuma ya shiga Nijar da awaki. Muka kwasa ni da Umma. A ƙofar gidan Yaya, motar ta shiga rairayi ta mutu. Ban damu ba, na ce wa mutanen gidan ai da jarkar ruwan tofi.

Aka fito da Yaya aka kwantar a baya. Na murɗa ki, gurnani. Na duba jarka, babu. Sai ga surukar Yaya ta fito da ita, wayam.

"Inna, ina ruwan ciki?"

"Ba kai ka ce na tofi ne ba? Na ba ta ta sha, na shafe mata cikin. Ƙarfe ya fi mai naƙuda ne?"

Babu wata mota a garin, Yaya kuma ba za ta iya hawa babur ba. Ina jin Yaya tana salati, muryarta na yin ƙasa.

Umma ta ce, "Kai, shiga ka ɗebo a randa."

"Umma, ruwan banza fa?"

"Don ubanka ɗebo na ce!"

Na ɗebo na zuba, ban ma tuna bisimilla ba. Ki na biyu ta tashi. Na yi sororo har sai da Umma ta daka min duka a kafaɗa.

Muna hanyar Daura, Umma na riƙe da kan Yaya, ta ce ko kallona ba ta yi ba: "Tofin tun watan farko ya ƙare. Malam ya koma Baure, kai kuma ga ka da saurin karaya. Ruwan randa nake ɗura maka."

Saura kaɗan in faɗa gonar mutane.

Mun isa asibiti a kan lokaci, Yaya ta sauka lafiya, mace. Daga baya wani Inyamiri mai sayar da kayan mota ya ce kwayil ne, mai ba filogi wuta, ke zafi, ruwa sanyaya shi kawai yake. Aka canza, magana ta ƙare.

Motar an daɗe da sayarwa. Abin da har yau ke ɗaure min kai Umma ce, yadda take miƙo min jarkar nan da hannu biyu, fuska ba ko murmushi.

Ranar suna Inna ta tsaya gaban mata tana cewa ba don ruwan malam da ta ba ta ba, da labari ya sha bamban. Umma ta kalle ni. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Inna."