Jitar Mushe Kosi

Yayana Yahuza tela ne a kasuwar Tanut, kuma a gidanmu ba a taɓa yin makaɗi ba. Manoma ne mu kaka da kakanni. Shi ya sa da ya fara zama wurin Mushe Kosi, wani malamin lakwal, wato makarantar boko (Mushe muke ce wa malamanta), ɗan Dahome mai jita, Umma ta ce wa maƙwabta ɗinki yake kai masa. Ni Sakinatu na san ƙarya ce, don ni ke kai musu fura.

Da la'asar suke zama a gindin adduwar bayan lakwal. Kosi ya ɗora yatsun Yahuza a kan wayoyi, ya daddanna su kamar mai koya wa yaro tafiya. Waƙa guda tak suke yi, ta garinsu Kosi. Ni dai na ji ta har ta ishe ni. Yau kuwa da za a sayar mini da la'asar ɗaya irin waccan, da na saya da duk abin da na mallaka.

A ƙarshen shekarar 1963 aka ce 'yan Dahome su koma ƙasarsu. Yahuza yana Belbeji wurin ɗinkin wani biki. Kafin ya dawo, Kosi ya karyar da kayansa ya hau mota, ko sallama ba su yi ba. Jitar kuwa wani ya saya, ya sayar wa wani.

Tun daga nan Yahuza ya shiga nema. Tsoronsa ɗaya, kada waƙar ta bar yatsunsa kafin ya samo jitar. Sai ka gan shi ya tsayar da keken ɗinki, ya rungume sandar awo yana dannawa, mai riga na tsaye yana jira. Duk fataken da suka sauka sai ya tambaye su, har 'yan kasuwa suka riƙa tsokanarsa, wai ya samo matar da ta ɓata?

Bayan wasu shekaru wani mai jaki ya ce ya ga irin jitar a Gangara, wurin wani tsohon mai molo, Hamma. Yahuza ya ja ragon da yake kiwo don layya, ni kuma na bi shi don in ga ƙarshen haukar.

Hamma ya fito da ita yana alfahari. Wallahi da kyar muka gane ta.

"Ai ba ka ga yadda ta zo mini ba, malam tela," in ji shi. "Fatarta ta fita, ga rami ƙato a ciki. Ni na rufe ta da fatar akuya. Kullum kuma ina shanya ta a rana don ta ɗaure."

Bawan Allah, abin da yake yi wa molonsa ya yi mata. A saninsa duk abin kiɗa da fata yake magana. Rana ta tsaga katakon, wuyan ya lanƙwashe, wayoyin sun tsinke ya sa mata tsirkiya uku.

Na ce, "Yaya, mu tafi da ragonmu."

Ko kallona bai yi ba. Ya juya ta, ya shafa wani tabo da garwashin tabar Kosi ya yi mata. Ya ce, "Baba Hamma, Allah ya saka da alheri, ka riƙe mini ita da kyau." Ya miƙa masa igiyar ragon. Sallar nan naman maƙwabta muka ci, Umma kuma ta yi ta faɗa har wata ya mutu.

Ya ɓare fatar a hankali da almakashinsa, ya warware wayar birkin keke ya ɗaura. Ranar da ya gwada ta, muryarta a shaƙe take kamar mai mura. Amma yatsun ba su manta ba. Waƙar ce, ita ce. Ina daka, sai na ji hawaye na zubo mini, na ajiye taɓarya.

Yana cikin kiɗa sai ya tsaya a tsakiya.

Na ce, "Yaya, ƙarasa mana."

Ya ce, "Iyakar abin da ya koya mini ke nan. Ya ce sauran sai na dawo daga Belbeji."

Har Allah ya yi masa rasuwa, duk la'asar sai ya kaɗa ta, kuma a nan yake tsayawa.