Ƙafafun Azurfa a Bakin Kwalbati

Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar Gwarzo zuwa Kabo ya san Malam Zailani, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne direban nan dogo mai farar hula, wanda ba ya gudu, wanda yake goge motarsa tun kafin ya sha koko.

A Masanawa aka haife shi. Wata damina, yana saurayi yana noma a gonar mahaifinsa ta bakin hanya, sai wata mota ta zo wucewa a hankali. Bai riƙe launinta ba, bai ga mai tuƙa ta ba. Ƙafafunta kawai ya gani, farare, suna walƙiya kamar ruwa a cikin sabon faranti, gero da gajimare suna juyawa a jikinsu. Motar ta ɓace, shi kuwa yana tsaye da fartanya a hannu. Wannan hoton bai taɓa barin idonsa ba. Ya koyi tuƙi, ya yi haya har gemunsa ya yi fari, amma duk motar da ya riƙe baƙin rim na ƙarfe ne da ita a cikin tayoyinta, irin wanda ba ya nuna komai sai taɓo.

Bayan ya ajiye haya ya zauna a Gwarzo da 'yar ƙaramar motarsa, sai ɗansa Ja'afar, da yake aiki a Kano, ya zo masa da tsaraba daga kasuwar Ƙofar Ruwa: rim huɗu manya, sun fi waɗanda motar ta zo da su, an ɗaura musu siraran tayoyi kamar an zagaye su da baƙin zare. Malam Zailani ya tsuguna a gabansu ya ga fuskarsa a ciki, da darbejiyar ƙofar gida, da guntun sama. Ya daɗe bai miƙe ba.

A ƙofar gidansa akwai kwalbati mai tudun baki na siminti. Matarsa, Hajiya Zubaidatu, tana fama da ciwon gwiwa, kuma duk Juma'a da hantsi yakan kai ta Kabo wajen yayarta Ladidi, wadda ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu. Al'adarsa ita ce ya matso da motar har ta manne da simintin, don Hajiya ta taka daga tudun ta shiga kai tsaye, ba sai ta sauka ƙasa ta sake hawa ba. Tsofaffin tayoyin masu kauri ba su taɓa damuwa da wannan ba.

Juma'ar farko da sababbin ƙafafu ya matso kamar kullum, sai ya ji wani ƙara mai kaifi har cikin haƙoransa. Ya fito ya tarar da doguwar karta a bakin rim ɗin gaba. Ya shafa ta da yatsa. Juma'ar da ta biyo baya ya tsaya nesa kaɗan da kwalbatin. Hajiya ta dubi tazarar, ta dafa bango, ta sauko tana cije leɓe, ta shiga. Juma'ar da ta zo bayanta kuwa Hajiya cewa ta yi, "Malam, yau ba na jin fita. A gaishe min da Yaya ta waya." Haka ta sake faɗa wani satin. Mayafinta na unguwa ya zauna a ninke a kan akwati.

Ranar wata Laraba ya tuƙa zuwa bakin tasha, wajen Halilu mai faci, abokinsa tun zamanin haya.

"A'a, angon rim!" in ji Halilu, yana share hannu a riga. "Wa ya yakushi amaryar?"

"Kwalbatin ƙofar gidana."

"To ka riƙa ja da baya mana. Ko idon ne ya tafi?"

"Idona ya fi naka. Gwiwar Hajiya ce ba ta son in ja baya."

Halilu ya daina dariya. Ya ɗauko wani miƙaƙƙen katako ya jingina a jikin ƙafar, sai katakon ya taɓa rim, bai taɓa roba ba.

"Ka gani? Tayar ta yi wa rim ɗin kaɗan, an ja ta an miƙe, bakinsa ya fito waje tsirara. Duk abin da ka kusanta, shi zai fara gaisawa da shi."

Suka tsuguna suna duba lambobin da ke gefen tayar, ta farko ta faɗin taya ce, ta biyu ta tsayin gefe. Malam Zailani ya ce a ƙara faɗin, don cikin tayar ya turo ya rufe bakin rim. Halilu ya ce a ƙara tsayin gefe ma, amma kaɗan, in ba haka ba za ta riƙa gugar jikin mota duk lokacin da aka karya sitiyari ko aka faɗa rami. Ya mirgino wata daga cikin shago, mai ɗan leɓe na roba da ya zagaye gefenta.

"Amma ka sani, Malam, kwalliyar za ta ragu. Kamar ka yi wa amarya lulluɓi ne."

Malam Zailani ya dubi rim ɗin. Rana tana kansa, ganyen bishiya yana rawa a ciki, kuma can a ƙasan hasken kamar yana hango geron Masanawa yana juyawa.

"Ɗaura," ya ce.

Da aka gama, katakon ya taɓa roba, ya bar rim da ɗan fili. Suka karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ba abin da ya goga. Halilu ya kira wasu majiya ƙarfi daga cikin masu zaman tasha suka cika bayan motar, aka bi ta kan ramuka, shiru.

Ranar Juma'a an kwana ana yayyafi. Ya matso a hankali, a hankali, har ya ji wata 'yar taɓawa mai laushi, roba a jikin siminti. Ya fito ya yi sallama a soro.

"Hajiya, mota tana jira."

Ta leƙo ta ga ƙofar motar a buɗe daf da ƙafarta. Ta koma ciki, ta fito da mayafin. Kafin ta shiga ta sunkuya ta dubi ƙafar gaba, inda tsohuwar kartar take ɓoye a bayan leɓen roba.

"Malam, ka rage musu kyau."

"Daga ciki ai ba a ganinsu," ya ce. "Shiga, Yaya Ladidi tana can tana duban hanya."

Suka kama hanyar Kabo. Gero ya yi kai, dawa ta yi duhu, gajimare sun sauko har kan bishiyoyi, duk suna juyawa a jikin ƙafafun motar ga duk wanda yake tsaye a gona. Malam Zailani bai gani ba. Yana sauraron Hajiya ne, tana ba shi labarin abin da za ta faɗa wa yayarta.